Manhaja a Killace: Wa Ke Da Izinin Taɓa Saitin Kwamfuta?

A kwamfutar da ke aiki da Linux, manhajar da aka saka ta hanyar Flatpak ko Snap ba ta sakewa yadda ta ga dama. Killace ta ake yi, kamar baƙon da aka sauke a zaure: ga tabarma ga buta, amma shiga cikin gida sai da iso. Flatpak, wanda Alexander Larsson ya fara da sunan xdg-app kafin a sauya masa suna a 2016, yana kafa shingensa ne da wata ƙaramar manhaja mai suna bubblewrap. Snap kuwa na kamfanin Canonical ne, masu Ubuntu, kuma AppArmor ne mai gadin ƙofarsa.

Inda gizo ke saƙar shi ne fayilolin saiti. Galibin saitin da ya shafi na'urar baki ɗaya yana cikin foldar /etc: sunayen masu amfani da ita, lokacin yankin da take, adireshin da ake tambaya kafin a kai ga shafin intanet. Manhajar Flatpak idan ta leƙa /etc, ba na kwamfutar take gani ba, wani ne daban da ya zo da kayan aikinta. 'Yan fayiloli kaɗan ake miƙo mata daga waje, irin su resolv.conf, wanda in babu shi ba za ta gane hanyar intanet ba. In tana son ganin na ainihi, sai an ba ta izinin host-etc, kuma ko an ba ta, a /run/host/etc za ta same shi. Shi ya sa wata manhajar kan yi biris da saitin da mai kula da na'ura ya sha wahalar rubutawa. Ba taurin kai ba ne, ba ta gan shi ba ne.

Firefox misali ne a fili. Tun daga Ubuntu 21.10 a matsayin Snap yake zuwa, alhali makarantu da ofisoshi kan ajiye dokokin da suke so ya bi a /etc/firefox/policies. Dole aka buɗe masa 'yar taga ta izinin system-files, ya karanta wurin kawai ba tare da ya rubuta komai ba. Irin wannan izini sai masu kula da rumbun Snap sun duba sun amince.

Karatu da rubutu ba ɗaya ba ne, kuma a nan ne haɗarin ya fi yawa. Izinin home na Snap bai haɗa da ɓoyayyun fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo ba. A Flatpak kuwa, manhajar da aka sakar wa foldar mai kwamfuta gaba ɗaya tana iya cusa umarni a cikin irin waɗannan ɓoyayyun fayiloli kamar .bashrc, umarnin ya yi aiki daga baya a wajen shingen. An kulle ƙofa ke nan an bar mabuɗi a jiki. Manhajoji da dama a Flathub, rumbun Flatpak, suna neman wannan faffaɗan izini don sauƙin aiki kawai.

Hanyar da ta fi tsafta ita ce ta xdg-desktop-portal: mutum ya zaɓi fayil da hannunsa, a miƙa wa manhajar shi kaɗai. Wanda ke son sanin abin da ya riga ya bayar, manhajar Flatseal tana jera izinin kowace manhajar Flatpak, kuma ƙara :ro a ƙarshen sunan folda yana mayar da izinin na karatu zalla.