Kafin a Ɗauki Makara: Tarihin da Ke Bakin Kakanninmu Mata

Ranar 2 ga Satumba, 2024, Allah ya yi wa Hajiya Dada 'Yar'aduwa rasuwa a Katsina tana da shekara 102. Kafafen yaɗa labarai duk abu ɗaya suka faɗa: mahaifiyar Manjo Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ce, mahaifiyar Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, matar Mutawallen Katsina Musa 'Yar'aduwa, ministan harkokin Legas a Jamhuriya ta Farko. Duk gaskiya ne, sai dai tarihin mazan gidan ne aka karanto.

A dubi tsawon abin da idonta ya gani. An haife ta zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, ta ga sarautar Usman Nagogo daga 1944, da ta Muhammadu Kabir Usman daga 1981, da ta Abdulmumini Kabir Usman daga 2008. Da girmanta aka sami 'yancin kai a 1960, aka canja fam da sule zuwa naira a 1973, aka ƙirƙiro jihar Katsina a 1987. Tana raye Shehu ya rasu a kurkukun Abakaliki a Disambar 1997, tana raye Umaru ya rasu a kan mulki ranar 5 ga Mayu, 2010. Mace mai irin wannan rayuwa tana da nata labarin, wanda ba ya cikin tarihin kowane ɗa nata.

Haka abin yake a gidajenmu. Ranar da tsohuwa ta cika, abin da ake sanarwa shi ne ta bar 'ya'ya kaza, jikoki kaza, tattaɓa-kunne kaza. A yi zaman makoki, masu gaisuwa su ce, "Ai mutuniyar kirki ce, Allah ya jiƙanta," a watse. Bayan shekara goma, ka tambayi jikanta sunan mahaifinta ko garin da aka ɗauko ta amarya, sai ya sosa ƙeya. Wani ma sunanta na yanka bai sani ba, domin tun da ya buɗe ido Inna ko Goggo ko Hajiya Babba yake ji ana kiranta.

Asarar kuwa ba ƙarama ba ce, don akwai ilimin da ba ya wurin kowa sai tsofaffin mata. Su ne suka san wa ya sha nonon wa. Idan uwa ta rasu wajen haihuwa ko nono ya ƙafe, wata ce ke karɓar jariri ta shayar, kuma a shari'a wannan shayarwa, idan ta cika sharuɗɗanta, tana haramta aure kamar yadda jini ke haramtawa. Ba a rubuta shi a takarda. Yana kan tsohuwa. Ita ce ta san wanda aka ba riƙo da wanda aka haifa a gidan, da dalilin da ya sa dangin wancan gari suka daina zuwa biki, da bishiyar da ke iyakar gonar gado. Ita ke riƙe da ajiyar maƙwabta da lissafin adashi. Duk ranar da aka ɗauki makararta ba a tambaye ta ba, da su aka tafi.

An taɓa gwada tambayar, kuma an ga amfaninta. A ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, tana rubuta abin da take faɗa da Hausa. Baba ba 'yar sarki ba ce, ba ta yi boko ba. Ta ba da labarin harin kamen bayi, da zuwan Turawa, da aurarrakinta, da zaman kishiyoyi, da ƙawance, da 'ya'yan da ta riƙa. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har yau masu nazarin rayuwar matan Hausa na komawa gare shi. Mary da alƙalami da takarda ta yi wannan aiki. Yau kowane jika yana da wayar da ke naɗar murya a aljihunsa.

Sai dai tambayar tsohuwa tana da ladabi. Kada a ce mata, "A wace shekara aka haife ki?" Ba da lamba take lissafi ba. A tambaye ta wane sarki ke kan gado lokacin aurenta, ko goyon wa take yi shekarar da aka kashe Sardauna, ko shekarar da motoci suka koma hannun dama. Mai rubutu shi zai mayar da su 1966 da 1972. Kuma jika ya fi ɗa dacewa da aikin. Tsakanin uwa da ɗa akwai alkunya, balle ɗan fari wanda ko sunansa ba ta faɗa. Amma jikan da take ce wa "maigidana", da jikanyar da take ce wa "kishiyata", cikin wasa za su ji abin da iyayensu ba su taɓa ji ba. A je mata da goro, a zauna bakin tabarma bayan la'asar, a bar ta ta yi kwana-kwanarta ba tare da an katse ta ba.

Wanda tasa ta riga ta rasu, shi ma yana da sauran aiki. A fara da biyan bashinta da mayar da ajiyar mutane da zartar da wasiyyarta kafin a taɓa gado. A dawwama a kan addu'a da sadaka mai gudana da sunanta, ko rijiya ce ko bishiya. A ci gaba da gaida ƙawayenta da danginta, domin Musulunci ya lissafa sada zumuncin aminan iyaye cikin biyayyar da ba ta yankewa da mutuwa. Waɗannan ƙawaye da ƙannenta da suka rage, su ne kuma za su ba da ragowar labarinta. A rubuta shi, a raba wa 'yan'uwa, a karanta wa yara ranar taron dangi, musamman 'yan matan da aka raɗa wa sunanta, don su san wace ce takwararsu.