Gasar Tsibiran Tekun Indiya da Rabon Mai Gida

Tsibiran Maldibis, Morishiyos, Seshel da Zanzibar hajarsu kusan iri ɗaya ce, wato farin rairayi da ruwa garai-garai da rana mai ɗumi a lokacin da sanyi ke addabar Turai, shi ya sa da zarar ɗayansu ya sauke farashi ko ya samu sabon jirgi mai zuwa kai tsaye, sauran sukan ji a jikinsu. An ga haka ƙarara a zamanin annobar korona, sa'ad da Maldibis ta buɗe iyakokinta ranar 15 ga Yulin 2020 ta kwashe baƙi, alhali Morishiyos ba ta buɗe nata gaba ɗaya ba sai Oktoban 2021.

Babban makamin wannan gasa shi ne biyan kuɗi a dunƙule, wato tsarin da baƙo ke biyan kuɗin jirgi da ɗaki da abinci tun yana ƙasarsa, kuma a nan ne talakan tsibiri yake cutuwa, domin wanda ya riga ya biya komai ba shi da dalilin fita daga harabar otal ya ci abincin gari ko ya hau kwale-kwalen masunci. Adadin baƙi yakan ƙaru, hukuma ta yi alfahari da shi, amma kaso mai tsoka na kuɗin yana komawa ga kamfanonin waje. A Zanzibar, wadda a da kanumfari ne ginshiƙin arzikinta, ƙauyukan gaɓa irin su Nungwi sun daɗe suna kokawa kan ruwan sha, wanda manyan otal-otal ke zuƙa fiye da kima.

Maldibis ta nuna cewa doka ce ke yanke inda kuɗin zai sauka. Shekaru bayan buɗe wurin shaƙatawa na Kurumba a 1972 aka keɓe baƙi a tsibiran da babu mazauna, don kare al'adun al'ummar da Musulma ce, sai a 2009 gwamnatin Mohamed Nasheed ta halatta ƙananan masaukai a cikin garuruwa. Tsibirin Maafushi ya buɗe na farkonsa a 2010, kuma yau 'yan garin ne ke da ɗakuna da jiragen ruwa da gidajen abinci masu yawa, an ware wa baƙi gefen gaɓa guda don wanka, giya kuwa har yanzu ba a sayar da ita a cikin gari.