Ƙarar kulochin babur: abin da take nufi da yadda ake maganinta

A garin Zuru da ke kudu maso gabashin jihar Kebbi a Nijeriya, babur ne jakin zamani. Shi ke kai manomi gona, shi ke ɗauko buhun dawa zuwa kasuwa, kuma da shi 'yan kabu-kabu ke neman abin sawa a bakin salati a hanyoyin Dabai da Ribah da Mahuta da Dirin Daji.

Saboda haka duk wata baƙuwar ƙara da ta fito daga inji ba abin wasa ba ce, musamman a yankin da ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga, inda mutuwar babur a daji da almuru kan iya zama babban hatsari.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan ƙararraki ita ce ta ɗan ƙaramin boris ɗin da ke cikin kulochi.

Aikin boris

Akasarin baburan da ake haya da su a yankin, kamar Bajaj Boxer ƙirar Indiya, suna da kulochi mai faya-fayai da dama waɗanda sifirin ke matsewa wuri guda, kuma dukkansu a cikin baƙin man inji suke juyawa.

Idan direba ya matsa hannun kulochi, wayar takan ja wani ƙarfe wanda ke tura faya-fayan su saki juna, don a samu damar sauya giya. To amma shi wannan ƙarfe a tsaye yake, alhali kulochin juyawa yake yi. Boris ɗin ne ke shiga tsakaninsu don kada su ci juna.

A saurara kafin a kwance

Lokacin da ƙarar ke fitowa shi ke nuna inda cutar take. Akan tayar da babur a bar shi a firi, inji na tafiya a silo, sannan a kasa kunne.

Idan ƙarar ba ta tasowa sai an matsa hannun kulochi, ta kuma ɓace da zarar an saki, to boris ɗin ne abin zargi na farko, domin a lokacin ne nauyi ke hawa kansa.

Idan kuwa akasin haka ne, wato ana jin kwaramniya a firi amma ta yi shiru da an matsa, to galibi matsalar tana ga kwandon kulochin da ya yi sako-sako, ko kuma ɓangaren giya. Sauya boris a nan asarar kuɗi ce kawai.

Ƙara mai kama da kukan ƙyaure daga wajen inji kuma, sau da yawa bushewar waya ce ko ta mahaɗin hannun kulochi, abin da ƙurar hunturu ke haddasawa.

Ina ake sa giris?

A nan ne da yawa ke kuskure. Boris ɗin da ke cikin irin wannan kulochi daga baƙin man inji yake sha, ba ya buƙatar a cusa masa giris. Hasali ma giris ɗin kan iya narkewa ya shafi faya-fayan, kulochi ya riƙa sulɓi.

Wuraren da ke son giris ko ɗigon mai su ne na waje: mahaɗin hannun kulochi da kawunan wayar da kuma cikinta.

Shi kuwa boris, kulawarsa ita ce yin juyen mai a kan lokaci, da kuma zaɓen man da ya dace. Tun a 1998 ƙasar Japan ta fito da ma'aunin JASO don man babura, kuma wanda ke ɗauke da alamar MA ko MA2 a jikin galan shi ne ya dace da kulochin da ke cikin mai. Wasu mayukan mota na da sinadaran rage gogayya waɗanda ke sa faya-fayai zamewa.

Idan babur ya nutse a rafi da damina har man ya koma kamar madara, ruwa ne ya shiga, kuma wajibi ne a juye shi nan take kafin tsatsa ta kama boris.

Ɗabi'ar direba

Wayar da aka ɗaure tamau tana sa boris aiki ba hutu. Ya kamata a bar ɗan wasa a hannun kulochi kafin ya fara ja, wanda a babura da yawa yakan kai milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen hannun. Haka kuma riƙe kulochi a matse yayin jiran fasinja, maimakon sa firi, yana gajarta ransa.

Idan bakanike ya buɗe murfin ya juya boris da yatsa, ya ji yana gurzawa kamar akwai yashi a ciki ko yana girgiɗi, to mai ba zai dawo da shi ba, sai dai sabo.

Tun bayan cire tallafin man fetur da faɗuwar darajar naira a 2023, kayan gyara sun yi tsada, abin da ke sa masu babura jinkirta gyara. Sai dai boris na cikin mafi araha a kayan kulochi, kuma idan ya tarwatse, ɓurɓushinsa kan bi mai ya shiga inji, ƙaramin gyara ya koma babba.