Giyar sitiyari a tsofaffin motocin a-kori-kura

Giyar sitiyari wani tsari ne na canza giya da hannu wanda ake ɗora sandar giyar a jikin sandar sitiyari, a bayan kambun da direba yake riƙewa, maimakon a ƙasan mota tsakanin kujeru. Tsarin ya yi tashe a ƙasar Amurka daga ƙarshen shekarun 1930 zuwa shekarun 1970, musamman a motocin a-kori-kura na kamfanonin Ford, Chevrolet, GMC da Dodge. Mafi yawansu giya uku ne na gaba da ribas ɗaya, shi ya sa Amurkawa suka yi masa laƙabi da wata magana mai ma'anar "uku a kan bishiya", inda bishiyar take nufin sandar sitiyari. Da yake an daina ƙera irin waɗannan motoci, masu su a yau sun dogara ne ga sake gina tsohon tsarin, wato a kwance shi, a sauya abin da ya cinye, a mayar, sannan a daidaita.

Tarihi

Kafin shekarun 1930 su ƙare, kusan duk motocin Amurka sandar giyarsu a ƙasa take, tana fitowa kai tsaye daga saman giyabos. A shekarar 1938 kamfanin General Motors ya fara sayar da motocin Pontiac da Cadillac masu giya a jikin sitiyari. Chevrolet ta bi sahu a 1939, Ford kuma a 1940. Babban dalilin sauyin shi ne samar da fili. Motocin wancan zamani doguwar kujera ɗaya ce a gaba, kuma da aka ɗauke sandar daga ƙasa sai mutum uku suka samu zama ba tare da sandar tana bugun gwiwar na tsakiya ba.

Motocin ɗaukar kaya sun ɗan makara. Chevrolet ta mayar da sandar giya uku zuwa jikin sitiyari a a-kori-kurarta samfurin Advance Design a 1948, Ford kuma ta yi haka a samfurin F-1 a cikin shekarar 1950. Daga nan tsarin ya zama shi ne na asali a ƙananan motocin kaya irin su Ford F-100, wadda aka ƙera daga 1953 zuwa 1983, da Chevrolet C10 da ta fito a 1960. Wanda yake son giya huɗu don jan kaya masu nauyi, a ƙasa ake ba shi.

Tsarin ya fara ja da baya yayin da giya mai sarrafa kanta ta yaɗu, sannan tsadar mai bayan 1973 ta sa aka koma ga giyabos masu giya huɗu da biyar, waɗanda suka fi sauƙin sarrafawa daga ƙasa. Ford ta daina sa shi a manyan a-kori-kurarta bayan 1986, Chevrolet da GMC kuma bayan 1987.

Ba Amurka kaɗai ta yi amfani da shi ba. Peugeot 404 ta ƙasar Faransa tana da giya huɗu a jikin sitiyari, kuma a-kori-kurarta ta yi aiki sosai a Najeriya da Nijar. Kamfanin harhaɗa Peugeot na Kaduna ya fara aiki a 1975, don haka tsofaffin direbobi da kanikawa da dama a yankin sun san irin wannan giya, duk da cewa jerin giyoyinta ya bambanta da na motocin Amurka.

Yadda ake sa giya

A motocin Amurka masu giya uku, sandar tana gefen dama na sitiyari, kuma tana tafiya ne a siffar harafin H:

Ribas: a jawo sandar wajen direba, a ɗaga sama.
Giya ta ɗaya: a jawo wajen direba, a yi ƙasa.
Giya ta biyu: a tura gaba, a ɗaga sama.
Giya ta uku: a tura gaba, a yi ƙasa.

Firi yana tsakiya. Akwai sifirin da yake mayar da sandar layin giya ta biyu da ta uku idan aka sake ta, domin kada direba ya faɗa ribas bisa kuskure. A giyabos na farko-farko giya ta ɗaya ba ta da zoben da yake daidaita gudun haƙora, don haka sai mota ta tsaya ko ta kusa tsayawa kafin a sa ta, in ba haka ba ta yi ƙara. A shekarun 1960 aka samu giyabos masu wannan zobe a dukkan giyoyin gaba, kamar na Ford da ake kira 3.03 da na Saginaw a motocin General Motors.

Sassansa

Abin da ya bambanta giyar sitiyari da ta ƙasa shi ne nisa. Hannun direba yana sama, giyabos yana ƙarƙashin mota, don haka sai motsin ya ratsa sassa da yawa kafin ya isa.

Sandar hannu tana maƙale da wani ƙaramin fil a jikin wuyan ƙarfe da ke bayan sitiyari. Wannan wuya yawanci zubin tutiya ne, ƙarfe mai laushi da saurin tsagewa.

Bututun giya dogon bututu ne da ke cikin sandar sitiyari, yana kewaye da rodin da yake juya tayoyi. Yana motsi iri biyu. Idan aka ɗaga sandar hannu ko aka sauke ta, juyawa yake yi. Idan aka jawo ta ko aka tura ta, zamewa yake yi bisa tsawonsa.

Hannaye biyu suna ƙarshen bututun, a cikin boneti. Ɗaya na giya ta ɗaya da ribas ne, ɗayan na giya ta biyu da ta uku. A jikin bututun akwai wani ɗan haƙori da yake shiga tsagar ɗaya daga cikinsu. Zamewar bututun ita take zaɓen hannun da haƙorin zai kama, juyawarsa kuma ita take motsa wannan hannu.

Rodi biyu suna tashi daga waɗannan hannaye zuwa wasu hannaye biyu a gefen giyabos. A kowace mahaɗa akwai bushin na roba ko na filastik da washa da kilif.

A tsofaffin Chevrolet na ƙarshen shekarun 1940 da na 1950 babu bututu a ciki. Rodi ne yake bin bayan sandar sitiyari ta waje har zuwa wani ƙaramin akwati a cikin boneti, inda ake zaɓen hannun. Ƙa'idar aikin dai ɗaya ce.

Abu mafi muhimmanci a tsarin shi ne haƙorin ba ya iya tsallakawa daga wannan hannu zuwa wancan lami lafiya sai tsagogin biyu sun yi daidai da juna, kuma hakan ba ya faruwa sai dukkansu suna firi.

Matsalolin da aka fi samu

Kowace mahaɗa tana cinyewa kaɗan-kaɗan. Rata ta rabin milimita a wuri ɗaya ba komai ba ce, amma idan ta taru a wurare takwas ko goma sai sandar ta riƙa lilo a hannu ba tare da giyabos ya motsa ba.

Matsalar da aka fi sani ita ce cijewa tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu. Direba ya ɗago sandar daga ta ɗaya, saboda ratar da ke cikin tsarin haƙorin ya bar hannun farko kafin giyabos ya fita daga giyar gaba ɗaya, ya faɗa hannu na biyu. A cikin giyabos akwai makullin da yake hana giya biyu shiga lokaci guda, don haka ta biyu ba za ta shiga ba, sandar kuma ba ta da ikon fitar da ta ɗaya. Mota sai ta maƙale a giya ta ɗaya, wani lokaci a tsakiyar mararraba. Maganin gaggawa shi ne a kashe inji, a ja birkin hannu, a buɗe boneti, a daidaita hannayen biyu da hannu har su dawo firi. Yin haka inji yana aiki haɗari ne, domin motar tana iya zabura ta bi ta kan wanda yake gabanta.

Sauran matsalolin sun haɗa da tsagewar wuyan tutiya a inda fil yake, karyewar waldar haƙorin, bushewar tsohon giris har ya zama kamar ƙaro, da karyewar sifirin. Akwai kuma abubuwan da ba na giyar ba ne amma suna kama da nata. Idan robobin da inji ko kan mota suke zaune a kai suka lotse, nisan da ke tsakanin sitiyari da giyabos yana canzawa, rodin kuma ba su san da haka ba. Haka nan kulochin da ba ya sakin inji sosai yana sa giya ta yi tauri ko da komai na sandar lafiya yake. Saboda haka ake fara duba waɗannan kafin a kwance sitiyari.

Sake ginawa

Bincike. Ana cire rodin biyu daga gefen giyabos, a gwada hannayensa da hannu. Idan kowace giya tana shiga da kyau, to laifin yana sama. Sannan mutum ɗaya ya riƙa motsa sandar a cikin mota, wani yana kallon kowace mahaɗa don ganin inda motsi yake ɓacewa.

Kwancewa. Ana ajiye motar a wuri mai daidai, a sa wa tayoyi waigi, a miƙar da tayoyin gaba, a cire kan batir saboda wayoyin oda da na sigina suna bi ta cikin sandar. Ana yin alama a kan rodin sitiyari da kambun domin a mayar da shi yadda yake. Kambun ana zare shi ne da abin jawowa na musamman. Ba a dukan rodin da guduma, musamman a motocin baya-bayan nan da aka ƙera sandarsu don ta lanƙwashe idan an yi karo, domin duka yana karya ƙananan filastik da suke riƙe ta. Daga nan a cire makunnin sigina, a kwance mahaɗar da ke tsakanin rodin da akwatin sitiyari, a sassauta maƙallan da ke ƙarƙashin dashbod, a fito da sandar gaba ɗaya. Ana jera washoshi da hannaye a kan tebur bisa yadda suka fito, domin hannayen biyu suna kama da juna amma ba a musanya su.

Wanki da dubawa. Ana wanke komai da kananzir ko makamancinsa, a kankare tsatsa. Ana mirgina bututun a kan shimfiɗaɗɗen tebur don a gane ko ya karkace. Ana duba haƙorin da tsagogin hannaye. Idan gefunansu sun zama kamar baka maimakon kusurwa, sun cinye.

Gyara. Haƙori da tsaga na ƙarfe ana iya cike su da walda a goge da zarto har su dawo girmansu. Ramin da ya zama kamar ƙwai ana faɗaɗa shi a sa masa bushin na tagulla. Wuyan tutiya da ya tsage ba ya karɓar walda ta yau da kullum, don haka yawanci sauya shi ake yi. Bushin, sifirin da boris na sama da na ƙasa duk sababbi ake sawa tunda an riga an buɗe. Ga fitattun samfura irin su F-100 da C10 akwai kamfanonin da suke sake ƙera wasu daga cikin sassan, sauran kuma sai a wurin masu sayar da tsofaffin kayan mota.

Mayarwa. Ana shafa giris kaɗan a duk inda ƙarfe yake gugar ƙarfe. Yawansa yana tara ƙura. Hannayen biyu su riƙa juyawa cikin sauƙi amma kada su yi rawa gefe da gefe, kuma ana rage wannan rawa da siraran washa. Kafin a mayar da sandar cikin mota ana gwada dukkan wurare huɗu da firi a kan tebur.

Daidaitawa

Wannan shi ne matakin da aikin yake tsayawa ko ya faɗi a kansa. Ana sassauta notin da suke saita tsawon rodin biyu, a sa hannayen giyabos dukkansu a firi da hannu. Sannan a daidaita hannayen da ke ƙasan sandar sitiyari. A yawancin samfura akwai rami a jikinsu da ake zura fil ko bakin abin huda ƙarfe don ya riƙe su a layi ɗaya. Kaurin fil ɗin ya danganta da samfuri da shekara, inci 3/16 ko 1/4 a motocin Ford da yawa, kuma littafin gyaran motar shi yake faɗin wanda ya dace. Ana nan a haka sai a saita tsawon kowane rodi har ya shiga raminsa ba tare da an ja ko an tura ba, a ɗaure notin, a zare fil.

Ana gwadawa inji a kashe tukuna. Sandar ta riƙa tsallakawa tsakanin layukan biyu ba tare da ta karo da komai ba. Kafin a hau titi ana sake duba kowane noti na sitiyari, a juya kambun daga ƙarshe zuwa ƙarshe, a gwada oda da sigina. Kuskure a giya yana tsayar da mota ne, amma kuskure a mahaɗar sitiyari yana iya raba direba da ikon tayoyinsa.

Gyara ko sauyawa

Tun a shekarun 1960 kamfanoni irin su Hurst suke sayar da sandar ƙasa da ake ɗaurawa a jikin giyabos ɗin, a huda ƙasan mota, a bar ta sitiyari. Masu goyon bayan wannan suna cewa mahaɗai sun ragu, giya ta fi shiga da sauri, kuma an huta da neman sassan da suka yi wuya. Masu adana motoci a yadda suka fito daga kamfani kuwa suna ganin huda ƙasan mota ɓarna ce mai wuyar gyarawa, tana cinye wurin mutum na uku, tana kuma iya rage darajar motar a wurin masu tara tsofaffin motoci. Yawan sauyawar da aka yi a baya ya sa sandunan sitiyari masu cikakkun sassan giya suka ragu a kasuwa.

Bayan an sake gina tsarin, abin da yake buƙata kaɗan ne: a riƙa shafa wa hannayen ƙasa giris lokacin juyen mai, a duba bushin, sannan direba ya riƙa bin siffar H ɗin sosai, ya ɗan dakata a firi tsakanin giya ta ɗaya da ta biyu maimakon ya yanke a karkace.

Duba kuma

Giyabos
Kulochi
Ford F-Series
Chevrolet C/K
Peugeot 404