Dim sum: a tambayi abin da ke cikin kwandon kafin a kai hannu

Duk wanda ya taɓa zuwa Guangzhou sayo kaya, ko ya shiga gidan abincin Sinawa a Akara, ya ga ƙananan kwandunan gora da ake jerawa a tebur, tururi na tashi. Abin da ke cikinsu shi ake kira dim sum. Ni malamin makaranta ne, kuma iyayen yara da dama 'yan kasuwa ne masu zuwa Sin. Tambayar da suka fi yi mini ita ce: Malam, wannan abincin ya halatta?

Dim sum abincin mutanen kudancin Sin ne, lardin Guangdong da Hong Kong. A can, in za a je cinsa sai a ce za a je "yum cha", ma'ana shan shayi. Da safe ko da hantsi ake zama, dangi ko abokan ciniki, a kawo butar shayi, sannan a riƙa kawo abincin kaɗan-kaɗan, uku ko huɗu a kwando. Yawancinsa turarawa ake yi, kamar yadda ake turara tubani, wani kuma a soya.

To, a nan ne fa ake buƙatar lura, domin naman alade ne ginshiƙin girkin wannan yanki. Siu mai, mai ɓawo rawaya da baki a buɗe, niƙaƙƙen naman alade ne da jatan lande. Char siu bao, farin burodin nan mai laushi, gasasshen alade ne a cikinsa. Waɗannan ma da sauƙin ganewa. Masu rikitarwa su ne waɗanda ido ke cewa ba komai. Har gow jatan lande ne cikin ɓawo shara-shara, amma masu girki da yawa suna haɗa shi da kitsen alade don ya yi taushi. Lo mai gai shinkafa ce da kaza a naɗe cikin ganyen bado, sai dai sau da yawa akwai yankan tsiran alade a ciki. Ko ɗan kek ɗin ƙwai mai zaƙi da ake rufe ciki da shi, a girkin gargajiya da kitsen alade ake kwaɓa ɓawonsa. Ga kuma giyar shinkafa ta Shaoxing da ake jiƙa nama da ita. Kazar ma kanta, wa ya yanka? Wani abin lura: a takardar abincin Sinawa, idan aka rubuta "nama" kawai ba a faɗi na wace dabba ba, alade ake nufi.

Sai batun jar giyar inabi. Yanzu gidajen abinci da yawa kan ajiye takardar giya kusa da ta abinci, a nuna maka masu araha wai sun dace da dim sum. Wannan sabon abu ne. A 2008 gwamnatin Hong Kong ta soke harajin giyar inabi gaba ɗaya, cinikinta ya bunƙasa, tallarta ta yi yawa. Mu dai hukuncinta a bayyane yake, arha ko tsada. Abin da nake so ɗan'uwa ya sani shi ne, in ya ture takardar ya ce a kawo shayi, bai saɓa wa al'adar masu gida ba ko kaɗan. Shayin ai shi ne asali. Akwai pu'er mai duhu da ke yanke maiƙo, akwai mai ƙamshin furen yasmin. In an zuba maka, ka ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, godiya ke nan. In butar ta ƙare, ka ɗaga murfin ka bar shi a karkace, ma'aikaci zai ƙaro ruwan zafi.

Kada kuma a ɗauka ƙofa ta rufe. Sin na da Musulmi miliyoyi, kuma masallacin Huaisheng na Guangzhou yana cikin mafi daɗewa a ƙasar. Kalmarsu ta halal ita ce qingzhen, ana rubuta ta 清真. Ka ɗauki hotonta a waya, ka neme ta a ƙofar gidan abinci. A unguwar Xiaobei, inda 'yan kasuwar Afirka ke sauka, irin waɗannan wuraren suna da yawa. A Hong Kong kuwa, masallacin Ammar da ke Wan Chai yana da ɗakin cin abinci a hawa na 5, inda ake yin dim sum na halal, kaza da naman sa da jatan lande a madadin alade.

Inda babu wannan alamar, a Akara ne ko a Kumasi, tambayoyi uku nake ba da shawara a yi kafin a zauna: da wane mai ake girki, ana sa giya a nama, kuma tukunyar turara kayan lambu daban take da ta alade? In amsar ta yi rawa, ka sha shayinka, ku gama maganar ciniki, abincin kuma ka ci a inda zuciyarka ta natsu.