Bayan An Cire Mahaifa: Ƙwayar Estrojin Da Tsoron Kansa

A Nima da Maamobi, da wuya a sami gidan da bai san wata 'yar'uwa da aka yi wa aiki a Korle Bu saboda ƙarin mahaifa ba. Idan aka cire har da gidan ƙwai, haila takan ɗauke nan take, ko da shekarun mace 38 ne, domin can ne jiki ke samar da sinadarin estrojin. Sai zufar dare da rashin barci, daga baya ƙashi ya yi rauni.

Likita kan rubuta ƙwayar estrojin, amma mukan ji a gidan suna ana cewa wai tana kawo kansa, sai a jefar da ita.

Ga asalin maganar. A 2002 wani babban bincike a Amurka ya nuna ƙaruwar kansar nono ga matan da suka sha estrojin haɗe da projestin. Waɗannan masu mahaifa ne. Mata fiye da 10,000 marasa mahaifa sun shiga wani sashen binciken na estrojin kaɗai, kuma kansar nono ba ta ƙaru ba, sai dai an ga ƙarin shanyewar ɓarin jiki.

Shi ya sa likitoci kan ba wadda aka cire wa gidan ƙwai da ƙuruciya maganin har wajen shekara 50. Wadda ta taɓa kansar nono ko daskarewar jini kuwa, dole ta sanar da likita tukuna.

Iyayenmu mata, kada ku ajiye magani saboda ji-ta-ji-ta. Mu maza kuma mu raka su asibiti. Allah ya ba mu lafiya.