Zangon da Merkle bai taka ba

A wasan besbol na Amurka, ɗan wasa yana bugun ƙwallo da sanda, sa'an nan ya zagaya zango huɗu, tsakanin kowane biyu mita 27. Zango ɗaya ba ya ɗaukar mutum biyu. In mai bugu ya taso, tilas wanda ke zangon farko ya ƙara gaba. Idan abokin hamayya ya riga shi taka zango na biyu da ƙwallo a hannu, an fitar da shi ke nan, ko ba a taɓa jikinsa ba. In kuwa shi ne na uku da aka fitar, makin da aka ci a bugun ya rushe.

Ranar 23 ga Satumba 1908, New York Giants da Chicago Cubs suna 1 da 1 a zagayen ƙarshe, an riga an fitar da ƴan New York biyu. Al Bridwell ya buga, Moose McCormick ya kammala zagaye, jama'a suka kwararo cikin fili suna murna. Fred Merkle, mai shekara 19, da ke zangon farko, sai ya juya ya nufi ɗakin sauya kaya, kamar yadda aka saba a lokacin. Johnny Evers na Chicago ya samo ƙwallo ya taka zango na biyu. Alƙali Hank O'Day ya bi doka, ya soke makin, wasa ya tashi kunnen doki.

Da aka sake karawa ranar 8 ga Oktoba, Chicago ta ci 4 da 2, ta ɗauke kambin gasar. Har Merkle ya rasu a 1956 ana yi masa gorin wannan rana.